Toka, Kanwa da Ganyen Sabara

A ƙauyen su Zara'u, can ƙasar Kanan-Bakashe, babu wanda bai san yadda take kiran ɗanta cin abinci ba. Yaron yana zaune a gindin rumbu, kusa da ita har inuwarsa tana taɓa ƙafarta, amma sai ta juya ta fuskanci dangar kara, ta ɗaga murya.

"Dabora! Ki ce ma yaron gidanga abinci na hucewa."

Dabora maƙwabciyarta ce, matar Musa, kuma Allah ya yi ta da bakin tsokana. Ba ta taɓa barin irin wannan ta wuce salin-alin ba. Daga bayan danga za ta amsa: "Yaron gidan can! Wai an ce in ce maka abinci na hucewa. In kana da amsa ka ba ni, in gyara ɗaurin zane in kewayo in kai." Sai yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya jawo akushi. Zara'u ta yi tsaki ta shige ɗaki kamar ba da ita ake ba.

Sunan yaron Cha'ibu, amma wannan suna bai taɓa fita daga bakin uwarsa ba, domin ɗan farinta ne. Kunyar ɗan fari kuwa a gidan su Zara'u ba wasa ba ce. Ba a kiran sunansa, ba a haɗa ido da shi, ba a zama tabarma ɗaya, ba a miƙa masa abu hannu da hannu. Ko wani Cha'ibun ne daban ya zo wucewa, sai ta ce "mai sunan wancan". Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kakarta ta yi, kuma duk macen da aka ga tana lallaɓa ɗan fari, to ta zama abin zance a bakin rijiya har damina ta zagayo. Wanda ya fara kafa wannan al'ada, Allah ya jiƙansa, da alama bai taɓa yin naƙuda ba.

Ana yaye shi kakarsa Maimuna, uwar ubansa, ta goya shi ta tafi da shi Tasawa, kamar yadda aka saba. Zara'u tana daka lokacin, ba ta ko ɗaga kai ba, mata suka yi ta yaba mata. Bayansa ta yi haihuwa uku, ba wanda ya zauna. Ya zama shi ne na farko, shi ne na ƙarshe, amma al'ada ba ta yin ragi don wannan.

Sai da tsohuwa ta rasu ya dawo gidan ubansa, saurayi, ya fi danga tsayi, gashin baki ya fara tsiro masa, ga 'yan kalmomin lakwal, makarantar boko, a bakinsa. Zara'u ta leƙe shi ta tsagar ƙofa ranar da ya iso, ta rasa inda za ta ajiye zuciyarta. Abin da ta sani na jikinsa shi ne tafin ƙafa guda da ke shigewa cikin hannunta lokacin da take ba shi nono a ɓoye a ƙuryar ɗaki. Yanzu ga ƙafar nan ta zama faskeke, duk faso, tana taka tsakar gidanta. Sonsa take yi, son da ke hana ta haɗiye loma in ba ta ji ƙarar akushinsa ba, kuma ba ta da hanyar da za ta bi ta gaya masa.

Shekarar kuma ba ta zo da sauƙi ba. Farin farko shi ya kawo soja kan mulki, na biyun nan ya same su a kai. Gero ya tashi iya gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya kwanta. Audu, mijin Zara'u, ya yi kudu neman abin sawa a baki tun kafin a rufe iyaka, daga nan ba shi ba labarinsa. Jefi-jefi kamiyo, babbar motar kaya, yakan kawo jar dawar agaji, sojoji su tsaya da bindiga, 'yan samariya, ƙungiyar samarin gari, su auna wa kowane gida abin da ba zai kai shi ko'ina ba. Mata suka koma jiƙa 'ya'yan anza har ɗacinta ya fita, suka tsige ganyen jiga, suka share ƙarangiya suna sussukawa. Da wannan ma ya yi wuya, sai aka faɗa wa rumbun tururuwa.

Tururuwa ba ta san fari ba. Duk abin da iska ta zubar na ƙwayar ciyawa da tsabar gero, ta kwashe ta kai ƙarƙashin ƙasa ta adana. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, shi ya sa matan da a da ba za su ko dubi gidan tururuwa ba suka koyi tona shi. Aikin yana da ƙa'idarsa. Ba a zuwa da sanyin safiya, lokacin da rundunar take waje da ƙarfinta; sai rana ta take, sun lafa. A shafa toka a ƙafa har gwiwa, a hannu har kafaɗa. In an kai ga ɗakin tsaba an kwaso, ba a ɗaurewa nan take, sai an baza a rana ƙwarin sun watse. Sannan a bar musu ɗan abin da za su rayu, don mai hankali ba ya cinye irin maƙwabcinsa. Kowace yarinya a garin ta san wannan. Cha'ibu, ɗan birni, bai sani ba, kuma babu wanda ya tuna cewa bai sani ba.

Ana cikin haka direban kamiyon agaji ya kawo saƙon baki daga Rufa'i, ƙanen Audu, wanda ke aikin gadi a Arlit: yaron ya taho, akwai lebaranci, ko ba komai zai ci ya ƙoshi. Cha'ibu ya dawo gida da yamma ya tsaya a tsakar gida yana murza hularsa. Shi ma ya riga ya koyi hanyar gidan, sai ya fuskanci danga.

"Inna Dabora, ki ce ma mutanen gidanga Baba Rufa'i ya aiko in tahi arewa. Ran Lahadi kamiyo zai koma Tasawa da la'asar, da shi za ni."

Wannan karon Dabora ba ta yi tsokana ba. Zara'u tana tsugune tana tsame anza daga ruwa. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya.

"Ki ce mishi Allah shi kiyaye hanya," ta ce.

Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma duk wanda ya ji zai ce ta cika 'yar halak. Amma ta san arewa. Masu zuwa can sai su shekara biyar, goma, wasu su dawo da rediyo, wasu su dawo a bakin mutane kawai. Ta san tafiyar ita ce daidai, baki ɗaya ya ragu a gida, shi kuma ya tsira. Ba ta roƙi Allah ya hana tafiyar ba. Abin da take so ƙarami ne har tana jin kunyar roƙonsa a salla: ta ɗora hannunta a jikin ɗanta sau ɗaya kafin ya tafi, ya ji, ya san hannun waye.

Ta yi dabaru irin na wanda ba shi da dabara. Ta wanke masa rigar tafiya da ruwan da ya kamata ta sha, ta daɗe tana ninke ta fiye da yadda riga ke bukata. Ta ce a ranta yau in za ta ba shi abinci ba za ta ajiye a ƙasa ba, za ta miƙa, yatsa ya gogi yatsa, wa zai ce da gangan ne? Ta ɗauko akushin, ta doso shi, shi kuma da ladabinsa ya kawar da kai ya matsa gefe don ya ba ta wurin ajiyewa. Ta ajiye. Haka kwanakin suka yi ta zubewa har Lahadi ta zo.

Da sassafe Dabora da Musa suka ja ƙofarsu suka tafi sujada, domin su Kirista ne, majami'arsu kuma tana ƙauyen gaba. Rana ba ta gama fitowa ba Zara'u ta ga Cha'ibu ya ɗauki dagi ya saɓa a kafaɗa. Nan take ta gane. Jiya ta ji shi yana tambayar Musa inda mata ba su riga sun tona ba. So yake ya bar mata wani abu a rumbu kafin ya tafi. Ta dubi ƙafafunsa, tas, ko ɗigon toka babu. Ba ƙwarya, ba buhu. Ga sanyin safiya.

Ta juya ga danga, bakinta a buɗe, sai ta tuna babu kowa a bayanta. Magana da danga in akwai mutum a baya, saƙo ne. In babu kowa, to da yaron kake magana, kuma shi ma ya sani. Harshenta ya yi nauyi. Kafin ta tattaro shi ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Mai zuwa tururuwa dai toka yake shahwawa," yaron ya riga ya fice.

Ta bi shi har ƙofar gida. Ya yi nisa, ya kusa kurnar bakin gari, irin nisan da suna kaɗai ke juyo da mutum. Dattawa suna zaune a gindin itacen bedi suna jan carbi. Sunan ya taso mata har maƙogwaro, ta ji ɗuminsa.

"Kai!" ta ce.

Yara biyu suka waiwayo, da wani tsoho mai jaki. Cha'ibu bai waiwayo ba, don ba a taɓa kiransa daga wannan ƙofa ba, bai san muryar da kira ba. Ta tsaya har ya ɓace cikin sabara, sannan ta koma ciki tana jin haushin kanta, da na dattawan, da na kakannin da suka bar mata wannan gado.

Ba ta zauna jiran ganin abin da zai faru ba, ta riga ta sani. Ta yafa zane ta fita bayan gari. Komai ya mutu a shekarar ban da sabara, ita dai ko wuta aka sa mata sai ta tofo. Ta zaɓi ƙananan ganye masu laushi na kan reshe ta cika haɓar zanenta. A gida ta daka su a ƙaramin turmi har suka yi laushi suna ƙamshin ɗaci. Ta ɗebo tokar jiya daga murhu, wadda ta kwana ta huce, ta tankaɗe ta da rariya don kada gawayi ya karce fata. Ta fasa ɗan guntun kanwar da take ɓoyo, ta jiƙa a ludayi. Man shanu ake sawa a da, amma shanun sun riga masu su tafiya, don haka ta fasa 'ya'yan aduwa ta soya ƙwayar, ta niƙa, ta matse ɗan man da ya fito. A ƙarshe ta tura randa gefe ta kankaro danshin ƙasar da ke ƙarƙashinta, wadda ta fi komai sanyi a gidan. Ta haɗa duka a kasko ta dama. Kanwa ta kashe zafin cizo, toka ta tsotse kumburi, sabara ta hana shi zama gyambo, ƙasar randa kuma ta sanyaya. Haka uwarta ta koya mata tun tana yarinya, zamanin da sauro ne kawai abin kuka.

Da hantsi ya dawo. Ba riga a jikinsa. Da ya kai ga tsabar ya rasa abin zubawa, sai ya tuɓe rigar ya kwashe komai a ciki, ƙwaya da ƙasa da masu gidan gaba ɗaya, ya ɗaure ya saɓa a baya ya taho da su tun daga daji. Tururuwa kuwa ba ta yafe wa ɓarawo. Ya sauke ƙunshin a gindin rumbu, ya kwance shi, ga tsaba mai yawa, fiye da abin da mace ke samu a yini. Ya tsaya yana kallonta da alfahari, yana kuma ƙoƙarin nuna babu abin da ke damunsa. Ƙafafunsa sun kumbura, hannuwansa sun yi ruɗu-ruɗu. Bayansa kuwa ba a magana, tun daga wuya har ƙugu babu wurin aza yatsa. Da ya ga kamar ba a kallonsa sai ya jingina da ƙafar rumbu yana gurza baya kamar jaki.

Zara'u ta kawo kaskon ta ajiye a ƙasa, ta koma bakin ɗaki ta ba shi baya. Ya gane. Ya zauna ya shafe ƙafafu, ya shafe hannuwa da ƙirji, tana jin yadda numfashinsa ke sauka da sanyin maganin. Sai ya zo kan baya. Ya lanƙwasa hannu ta sama, ya lanƙwasa ta ƙasa, bai kai ko'ina ba. Ya karyo kara ya dangwala ya gwada, karan ya karce kumburin, jini ya fito. Da wannan bayan zai jingina da ƙarfen kamiyo, cikin zufa da rana, har Tasawa, har Damagaram, har Agadas. Kafin ya isa ya zama gyambo.

Allah ya taimake ta, ta ji motsin ƙofar maƙwabta.

"Dabora! Ki zo ki shahwa ma yaron gidanga magani a baya."

Dabora ta leƙo ta saman danga, littafin waƙoƙinta na sujada a hannu. Ta dubi bayan yaron ta riƙe baki. Ta dubi kaskon, ta ga maganin da aka dama tun kafin mai ciwon ya dawo. Sannan ta daɗe tana duban Zara'u.

"Ni? Hannuna da yajin tonka. Yanzu na gama daka ta."

"Wace tonka? Daga sujada kike. Rabon garinga da tonka tun bara."

"To Lahadi ce, ba mu aiki."

"Dabora, don Allah ki bar wasa. Kamiyo na tashi da la'asar."

Dabora ta kewayo ta shigo. Ta ja Zara'u gefen turmi, ta rage murya, amma ba ta rage ta yadda yaron ba zai ji ba.

"Ba wasa nike ba. Kin san Sila, na hwarina. Kunyarshi na yi ta ji kamar ke, ana yaba mini. Ran da ƙyanda ta kama shi, uwar Musa ce ta riƙe shi, ni ina waje ina tankaɗe, wai kada a ce. Har anka hito da shi a tabarma ina tankaɗe. Yanzu kullum sai na kira sunanshi, da ƙarhi ma in na so. Wa ke amsawa?" Ta goge ido da bakin mayafi, ta koma muryarta ta kullum. "Magani dai ba kunya a cikinai, ko liman ya sani. Za ni zauna bakin ƙohwa. Duk wadda ta zo aron rariya in ce mata kin tahi Makka."

Ta fita ta ja asabarin ƙofa ta rufe. Gidan ya yi tsit, sai tururuwar da ke watsewa daga tsabar da aka baza.

Cha'ibu yana zaune a kan turmin da aka kifa, ya ba ta baya, kansa a sunkuye. Bai tashi ba. Zara'u ta ɗauki kaskon. Tsakaninta da shi bai kai tsawon tabarma ba, ta tako a hankali ta isa. Ta durƙusa. Ta tsoma yatsu, ta ɗebo, hannun ya tsaya a iska. Ta yi bisimilla ta ɗora.

Fatar tana da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya ɗan zabura da sanyin, sannan kafaɗunsa suka saki. Ta fara daga wuya, a hankali, tana bin kumburin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Ashe haka ƙashin bayansa ya fito, ana iya ƙirga shi. Ashe rabin abin da take zuba masa yana mayarwa cikin tukunya in ta juya, ta yi zargin haka, yanzu hannunta ya tabbatar. Kafaɗun na Audu ne. Wuyan kuwa, da ɗan kwarmin nan na ƙeya, na ubanta ne sak, kuma duk shekarun nan babu wanda ya gaya mata.

Ƙarƙashin kafaɗar hagu yatsunta suka ci karo da wasu tabo, ƙanana, a jere, sun daɗe da warkewa. Ta tsaya a kansu.

Ya yi magana yana kallon ƙasa, kamar da tururuwar yake. "Ƙaho ne. Shekarar da na shiga lakwal na yi wata masassara, har anka ɗauka ba ni tashi. Inna ta kira wanzami."

Inna yake ce wa kakarsa. Zara'u ba ta taɓa jin labarin wannan masassara ba. Wataƙila an aiko wa Audu, aka ga ba abin da za a gaya wa uwar ɗan fari ba ne, me za ta yi da shi? A lokacin tana nan tana daka, tana zuwa rijiya, tana dariya da mata, ɗanta yana can yana shure-shure da mutuwa. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, tunda ba ya gani. Ta shafa magani a kan tabon, ko da yake tururuwa ba ta taɓa wurin ba.

"Wancan na ƙasa kuma tsamiya ce ta kada ni," ya ce. "Mushe, malamin lakwal, ya ƙara mini da bulala."

Dariya ta kuɓuce mata tare da kukan, wani irin sauti da ba ta san tana da shi ba. Ta ga kunnuwansa sun motsa, alamar shi ma murmushi yake.

Ta bi bayan duka, ta sauko har ƙugu, ta koma ta bi haƙarƙari. Inuwar rumbu ta juya ta fara tsawo. A bakin ƙofa ana jin Dabora tana korar wata mata da labarin da ba shi da kai balle gindi. Maganin ya yi ta raguwa, Zara'u tana ɗebo shi kaɗan-kaɗan, tana jan sa yadda ake jan ragowar gari a ƙarshen rani. Duk da haka ya ƙare. Ta kankare gefen kaskon da farce, ta shafa na ƙarshe. Babu sauran kumburin da bai rufu ba.

Daga dandalin gari kamiyo ya yi oda, doguwa.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Shi ke nan, ta samu abin da ta roƙa, kuma bai ishe ta ba. Ta yunƙura za ta tashi.

"Nan ma," ya ce.

Ya kai yatsa ya nuna saman kafaɗarsa ta dama, wajen da ɗaurin rigar ya tokare, ƙwarin ba su samu shiga ba. Zara'u ta duba. Fata ce lafiyayya, sumul, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Ta dubi ƙeyarsa. Bai juyo ba, amma yatsan yana nan inda ya aza shi.

Ta zagaya yatsunta cikin busasshen kasko, ta ɗago su ba komai, ta ɗora a wurin. Ta shafa a hankali.

"Da nan."

Bayan kunne. Ta shafa.

"Nan ma yana yi."

Tsakiyar kai, cikin gashi. Ta ajiye kaskon. Ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan ɗanta, ta bar shi a nan. Ya ɗan turo kan cikin hannun, kaɗan, yadda ba wanda zai iya rantsewa ya gani.

Kamiyo ya sake yin oda. Suka ji Dabora ta miƙe tana ɗaga murya har dandali: "Ku ce ma direba shi yi haƙuri! Mai jinya ne, magani bai bushe ba!" Wani ya amsa daga nesa cewa soja ba ya jiran kowa. Ta ce ai ba sojan za a shafa wa ba.

A oda ta uku Cha'ibu ya tashi. Maganin ya bushe a bayansa ya yi fari-fari, duk sawun yatsu, wasu a tsaye, wasu a karkace. Ya ɗauki ƙunshin kayansa da rigar tafiyar da ta ninke masa. Ya tsaya, rigar a hannu, har yanzu bai juyo ba.

"Yaushe zan wanke?"

Ba da kowa yake ba sai ita. Maganin cizo kuwa da ya bushe ya gama aikinsa, karkaɗe shi ake yi a ɗauraye kafin magariba, kowace mace a garin ta san haka, Zara'u ta fi su sani.

"Ka bar shi," ta ce masa. "Kada ka wanke. Ka bar shi har shi zube da kanshi."

Ya gyaɗa kai. Ya zura rigar a hankali, yana ɗage ta daga bayansa da yatsu biyu don kada ta goge.